Maganin Yana Kalgo

Mufida ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Karatun kwamfuta ta yi a Birnin Kebbi, da ta gama ta dawo gida Gwandu, sai ƙanen mahaifiyarta, Kawu Atiku, ya ce ta zo ta riƙa taimaka masa a ɗan asibitinsa. Shi tsohon jami'in lafiya ne da ya yi ritaya ya buɗe wurinsa, kowa a garin Likita yake ce masa. Aikinta karɓar masu zuwa da jera kwalayen magani, sai kuma shafin intanet da ta buɗe wa asibitin, wanda Kawu yake kira "abin nan naki."

A cikin duk abin da ta rubuta a shafin, babu wanda take ji da shi kamar bayanin cizon maciji. Ta zaunar da Kawu ta yi ta yi masa tambayoyi, ta rubuta da Hausar da kowa zai gane: kada a ɗaure wurin da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, a kwantar da mutum kada ya yi ta tafiya, a garzayo da shi. A ƙarshe ta sa cewa asibitin yana da allurar dafin maciji, ga kwatance, ga lambar waya. Mutane suka yi ta tura wa juna bayanin, har malamin makarantar Dalijan ya taɓa tsayar da ita a kasuwa ya ce ya karanta wa ɗalibansa.

Da Kawu ya buɗe reshe a Kalgo, ya sa masa sola da firiji, sai ya kwashe yawancin allurar ya mayar can, don wutar Gwandu ba ta da tabbas, kuma masu aikin fadama sun fi yawa ta wancan ɓangaren. Ya bar 'yan kwalabe a Gwandu saboda ko-ta-kwana. Ya ce wa Mufida ta yi wa Kalgo nata shafin. Ita kuwa ta ga babu dalilin sake rubuta abin da ya riga ya yi kyau. Ta kwafe bayanin kaf, ta liƙa a sabon shafi, ta cire Gwandu ta sa Kalgo, ta canza lambar waya da kwatance. Kafin shayinta ya huce ta gama. 'Yan kwalaben Gwandu kuma suka ƙare a kan wani makiyayi a tsakiyar damina, Kawu ya ce zai sake kawowa, hidima ta yi masa yawa, maganar ta kwanta.

Ranar da abin ya faru lokacin yankan shinkafa ne, rana ta take. Mufida tana bayan kantar magani sai ta ji wata a-kori-kura ta ci birki a bakin ƙofa, wani mutum ya diro yana kiran Likita tun kafin ya shigo. Dogo ne, rigarsa duk ƙaiƙayin shinkafa, hannunsa riƙe da waya.

"Likita! Ina Likita? Kububuwa ta, matata ta ciza!"

Kawu ya fito daga ɗakin duba marasa lafiya. Aka sauko da matar a kan tabarma. Ba ta kuka, ba ta nishi, idonta kawai take juyawa tana kallon rufin. Ƙafarta ta hagu ta kumbura tun daga idon sawu har kusan gwiwa, fatar ta yi sheƙi, kuma wurin cizon, ƙananan huji biyu, yana ta tsattsafo da jini bai daina ba.

"Mi ne sunanta?" Kawu ya tambaya yana duba ta.

"Delu. Ni Jibrin. Dami ta ɗaga, ashe abin yana ƙarƙashi."

"Daga ina kuke?"

"Diggi."

Kawu ya ɗago kai. "Diggi? Diggi ta Kalgo?"

"Ita."

"To mi ya kawo ku nan? Kun wuce magani a bayanku! Allurar tana Kalgo, ba mu da ko kwalba guda a nan."

Jibrin ya miƙo wayarsa. "Ga shi nan, Likita. Na rubuta maganin cizon maciji Kalgo, wanga shi ya hito. Ya ce kuna da shi, a Gwandu. Na kira lambar ba ta shiga. Ban tsaya ko'ina ba, don kada in tsaya a ce mani babu."

Mufida ta karɓi wayar. Kalmominta ne, babu ko wasali da ya canza. Lambar da ke ƙasa ta wayar asibitin Gwandu ce, wadda tun safe take wurin mai caji don an kwana biyu babu wuta. Ta mayar masa da wayar.

Kawu bai ɓata lokaci ba. Ya kira Sista Rahama, nas ɗin da ke riƙe da reshen Kalgo, ya ce ta zuba allurar a cikin kula mai ƙanƙara, ta nemi mota mai lafiya ta taho yanzun nan. "Ba zan sake jijjiga wagga mata a hanya ba," ya ce. "Gara maganin ya iske ta." Ya sa wa Delu ruwa, ya ɗebi jininta ya zuba a 'yar kwalbar gilashi ya ajiye a kan tebur, ya ce kada wanda ya taɓa.

Daga nan sai jira.

Jibrin ya kasa zama. Ya fita bakin titi ya dubi hanya, ya dawo, ya durƙusa kusa da gadon yana kiran sunanta a hankali. Delu ta ce tana jin ƙishirwa. Da Mufida ta kawo ruwa ta ɗago mata kai, sai ta ga haƙoran matar sun yi ja. Jini ne yake fitowa daga dasashinta, a hankali, kamar ana matsa shi daga ciki. Ta ajiye kofin.

"Kawu," ta ce.

"Na gani," ya ce. Ya ɗauki kwalbar gilashin ya karkata ta. Jinin ya gangara kamar ruwa, bai daskare ba. Ya ajiye babu ba'ar da ya saba, kuma hakan ya fi komai tsorata Mufida, domin Kawu mutum ne mai ba'a ko a gaban mai naƙuda.

Ta koma bayan kanta ta ɗauki tata wayar. Ta rubuta abin da Jibrin ya rubuta. Shafin Gwandu ya fito a sama. Ta gangara ƙasa, ta wuce shafukan wasu ƙasashe, ta wuce tallan masu maganin gargajiya, babu shafin Kalgo. Ta canza kalmomin, ta sa sunan asibitin da Kalgo tare. Gwandu ya sake fitowa. Shafin Kalgo yana nan da ransa, idan ta rubuta adireshinsa kai tsaye yana buɗewa, amma ga mai nema kamar ba a taɓa yin sa ba. Wata da watanni ke nan, ita ba ta taɓa gwadawa ba.

Ta tuna hanyar. Daga Diggi dole sai sun bi ta Kalgo. Sun wuce ta bakin lungun da reshen yake, firijin yana ta aiki a ciki, suka miƙa, suka ratsa Birnin Kebbi, suka yi ta tafiya da mace mai zubar jini a bayan motar shinkafa, saboda ita ta ƙi zama ta rubuta wani abu sabo. Idan matar nan ta mutu, wa zai ce ba ita ce ta kawo ta nan ba?

Aka kira sallar la'asar Sista Rahama ba ta iso ba. Kawu ya kira ta, ta ce wata babbar mota ta lalace ta tare hanya, sun zagaya ta cikin gari. Kumburin ya haye gwiwa. Delu ta yi amai, akwai ja a ciki. Ta kama hannun Mufida, wadda ita kaɗai ce 'yar uwarta mace a ɗakin, ta ce, "Ƙanwata, in na tahi, ki ce ma Jibrin kada ya raba yaran." Mufida ta ce mata babu inda za ta.

Da motar ta tsaya, Sista Rahama ta shigo a guje da kula a rungume, mayafinta a hannu. Ita da Kawu suka haɗa allurar a cikin ruwan, suka sa tana ɗiga a hankali, Kawu yana tsaye da wata allurar a hannu ko jikin zai ƙi karɓa. Delu ta yi rawar ɗari, ta yi zufa, sannan ta lafa. Babu wanda ya ce an tsira. Kawu ya ce sai an sake gwada jinin, kuma wataƙila sai an ƙara. Haka kuwa aka yi: washegari da safe jinin ya fara kamawa amma bai yi ƙarfi ba, aka ƙara mata. Sai da rana ta yi tsaka Kawu ya karkata kwalbar sabon jinin da ya ɗiba, jinin ya tsaya cak a gindinta. Jibrin ya sunkuyar da kai ya yi ta hamdala, hawaye yana sauka a gemunsa.

Mufida ba ta jira wannan ba. Tun a yammacin farko ta buɗe shafin Gwandu ta rubuta da manyan baƙaƙe a samansa cewa allurar tana Kalgo, ta sa lambar Sista Rahama. Amma da ta sake nema, ɗan bayanin da manhajar bincike take nunawa a ƙarƙashin sunan shafi bai canza ba. Yana nan yana cewa muna da allurar dafin maciji, Gwandu. Mutumin da matarsa ke kwance a gona ba zai tsaya buɗe shafi ba, layin nan zai karanta ya tada mota.

Ta kira Sirajuddeen, wanda suka yi makaranta tare, yanzu yana gina wa kamfanoni shafuka a Birnin Kebbi. Ta faɗa masa komai.

"Kwafa kika yi?" ya tambaya.

"Na canza sunan gari da lamba."

"To ai shi ne. A wurin manhajar, shafi guda ne kika ajiye a wuri biyu. Ba ta son nuna wa mutum abu ɗaya sau biyu, sai ta zaɓi ɗaya ta ce shi ne na asali, ta danne ɗayan. Na Gwandu ya riga zuwa, shi mutane suka yi ta turawa, shi ta sani. Ba hukunta ki ta yi ba, zaɓi ta yi, kuma ba ta san inda firiji yake ba."

"Siraju, mace ta kusa mutuwa."

Daga nan Sirajuddeen ya bar wasa. Ya ce bayanin taimakon farko, wanda dole iri ɗaya ne, ta ware masa shafi guda shi kaɗai, rassan biyu su riƙa nuni zuwa gare shi. Kowane reshe kuma ta rubuta masa nasa bayanin daga tushe, abin da ke akwai a wurin da abin da babu, da ƙauyukan da ke kusa da shi. Tsohon adireshin da mutane suka yi ta turawa, ta juya shi ya riƙa kai mai nema inda allurar take. Idan akwai wani wurin da ba makawa sai ta maimaita rubutu, akwai alamar da ake sakawa a bayan shafi mai gaya wa manhajar wane ne na asali. Bayan haka ta nemi manhajar ta dawo ta sake dubawa.

"Yaushe zai canza?"

"Ba ni da iko da wannan. Wani lokaci kwana kaɗan, wani lokaci ya fi haka."

"Ana yankan shinkafa yanzu."

"Na sani, Mufida."

Ta shiga mota ta tafi Kalgo da kanta, abin da ba ta yi ba lokacin da ta yi shafin farko. Ta ga lungun, ta ga cewa allon asibitin ƙarami ne kuma wata rumfar mai faci ta tare shi. Ta tambayi Sista Rahama su wa ke zuwa, daga ina, da me. Ta rubuta shafin Kalgo da masu fadama da masunta a ranta, ta ambaci Diggi da hanyar da za a biyo, da inda za a karya kwana. Na Gwandu ta rubuta shi dabam, ta faɗi gaskiya cewa babu allura a nan. Ta yi duk abin da Sirajuddeen ya ce, yana duba mata ta waya.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi muni. Aikin ya fita daga hannunta, ba ta da abin yi sai dubawa. Da ta idar da sallar asuba za ta nema, tsohon layin yana nan. Kafin ta karya kumallo ta sake nema. Duk motar da ta rage gudu a bakin asibiti sai ta miƙe ta leƙa. Wata rana wani ya shigo a guje da yaro a kafaɗa, ta ɗauka cizon maciji ne, ashe faɗowa ya yi daga kan jaki. Abinci ya daina shiga. Mahaifiyarta ta tambaye ta ko zazzaɓi ne, ta ce a'a.

Kuma sai ta gano wani abin da ya ƙara mata. Wani shafin labarai na matasan Kambaza ya kwafe tsohon bayaninta tun bara, da kyakkyawar niyya, har da lambar Gwandu da maganar allura. Yanzu da ta taɓa nata shafin, nasu ya fara hawowa sama. Ta nemi mai shafin har ta same shi ta wurin wani ɗan uwansa mai shagon ɗinki. Da farko ya ɗauka rigimar mallaka ta kawo, ya fara cewa ai don taimako ya yi. Ta ce masa ya zo ya ga ƙafar Delu. Bai zo ba, amma kafin magariba ya goge, ya bar layi biyu da ke kai mutum shafinta.

Ranar ce ta tsaya a gaban Kawu bayan mutane sun ragu. Ba ta saba ɗaga masa murya ba, yanzun ma ba ta ɗaga ba.

"Kawu, na gyara nawa. Amma in gobe aka ciji wani a Dalijan, nan ne kusa da shi, kuma shafina zai ce masa ya tahi Kalgo."

"Ina ta cewa gobe," ya ce. "Kira mani mai sola."

Kafin a sallami Delu an kafa ɗan firiji a Gwandu, allura ta dawo, Mufida ta sake gyara shafin a ranar. Kumburin ƙafar Delu ya sace, amma naman wurin cizon ya mutu, sai da aka yi ta wankewa ana yankewa, ya bar rami. Jibrin bai taɓa ɗora wa Mufida laifi ba. Da ta yi ƙoƙarin yi masa bayani, cewa ya yi, "Ba don rubutunki ba da na ɗaure mata ƙafa na tsaga, haka munka tashi muka ga ana yi." Maganar ba ta sauke mata nauyin ba, amma ta ji ta.

Wata safiya ta nema kamar kullum, sai ga Kalgo a sama, da sababbin kalmomin, da lambar Sista Rahama. Ta nema da Gwandu, Gwandu ya fito. Ta ari wayar mai shayi ta gwada, ta ari ta direban da ke lodi a tasha ta gwada. Duk ɗaya. Ta koma bayan kanta ta zauna, sai a lokacin ta ji yunwa.

Bayan an gama girbi ta bi Sista Rahama zuwa Diggi duba ciwon. Suka tarar Delu ba ta gida, wai ta tafi gona kallon masu sussuka, sai suka bi ta. Hanyar siririya ce a kan kunyar da ta raba fadamu, busasshiyar ciyawa ta rufe gefe da gefe. Mufida ta yi ta tafiya tana kallon ƙasa, duk karan da ya motsa sai ta tsaya cak, har Sista Rahama ta yi mata nisa.

Delu tana zaune a kan buhu a inuwar mangwaro, sanda a gefenta, ƙafar a miƙe an naɗe ta da tsumma mai tsabta. Da ta hango Mufida tana ɗaga ƙafa kamar mai taka ƙaya, sai ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Ƙanwata, ni anka ciza, ke ka tsoro?"

Mufida ta ƙarasa ta durƙusa ta gaishe ta. Sista Rahama ta kwance tsumman ta duba, ta ce naman yana cikowa, amma kada ta kuskura ta shiga ruwa tukuna. Delu ta ce ta ji, ko da yake idonta yana kan damman da ake ɗagawa. Da za su koma, Jibrin ya ɗauki sanda ya shiga gaba yana bugun ciyawa, su biyun suna biye da shi har bakin titi.